Tarwadar kiwo ba taɓo take ci ba

Magana ce da ta zauna a bakin mutane da yawa a Tudun Wadan Zariya: wai kifin kiwo ba ya rabuwa da warin taɓo domin a laka yake kwana, ita kuma yake ci, don haka gara a jira na kogin Galma ko da da tsada. Iyayenmu mata da ke faɗin haka hancinsu bai yi ƙarya ba, warin akwai shi, kuma yakan ɓata farfesun da aka kashe wa kuɗi. Inda nake neman afuwa in saɓa musu shi ne wajen dalilin.

Yawancin tarwadar da ake kiwo a bayan gidaje yau a tankin siminti ko na tamfol take girma, ba ta taɓa ganin laka ba, amma wani lokaci sai ka ji warin nan a namanta. Daga ruwa yake fitowa. Idan ruwan tanki ya daɗe ba a sauya ba, ragowar abinci da kashin kifi suka taru, rana ta buga, sai wata irin gansakuka da wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su yaɗu. Su ke fitar da wani sinadari da masana a Amurka suka raɗa wa suna jiyosmin a 1965. Shi ne ƙamshin da ƙasa ke tayarwa ranar ruwan fari, wanda kowa ke so a iska, ba mai son sa a miya. Kifi na shaƙarsa ta jajayen nan na gefen kai da yake numfashi da su, ya bi jini, ya kwanta a kitse. Hancin ɗan Adam kuwa yana jin sa ko da ɗigo ne a cikin ruwa mai yawan gaske. Kifin kogi da na dam ma ba su tsira ba, musamman da bazara idan ruwa ya ja baya ya yi kore.

Shi ya sa nake tausaya wa uwargida da ke durƙushe tana dirzar kifi da toka da gishiri da ruwan zafi. Wannan yana cire yauƙi da ƙarni, aiki ne mai kyau, sai dai bai kai inda warin yake ba. Lemon tsami ya fi taimakawa, domin tsami na karya sinadarin, haka ma cire kitsen ciki da fata. Duk ragewa suke yi.

Maganin na gaskiya sai kifin na da rai. Ta hanyar da warin ya shiga ta nan yake fita: a mayar da kifi ruwa mai tsabta, a daina ba shi abinci, a riƙa sauya ruwan kullum. Wani ya warware cikin kwana uku zuwa biyar, mai kitse da yawa ya haura mako. A jihar Misisifi ta Amurka, masana'antun sarrafa kifi ba sa karɓar na manomi sai an dafa samfuri an ɗanɗana; in an ji wari, a ɗage kamun.

Na san abin da ke hana mai kiwo a nan. A kilo ake sayarwa, kifin da ya yi azumi kuwa yakan ɗan rage nauyi, ga kuɗin man janareta na jawo ruwa. Amma mai siyen da ya zubar da tukunya guda ba ya dawowa, kuma sai ya gaya wa maƙwabta.

Mai siye ma yana da abin yi, tunda tarwada na da taurin rai kuma da ranta ake sayar da ita a baho. Ka kai ta gida ka sa a babbar roba da ruwan rijiya ko na burtsatse, ka ɗora kwando da dutse a kai don tana tsalle, ka ajiye a inuwa. Ka sauya ruwan safe da yamma, kada ka jefa mata komai, sai bayan kwana uku a yanka.