Yadda Ake Tsayar da Ranar Ganawa da Ofishin Fasfo ta Intanet

Duk ɗan Nijeriya da ke da niyyar tafiya ƙasashen waje, ko don aikin Hajji da Umra, ko neman ilmi, ko fatauci, ko neman magani, yana bukatar fasfo. Hukumar da doka ta ɗora wa alhakin ba da wannan takarda ita ce Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya, wadda aka cire daga cikin rundunar 'yan sanda a 1958, aka kuma kafa ta da dokar majalisa a 1963. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Tarayya.

A da, mai neman fasfo yakan yi sammako ya kama layi a bakin ofis, ya wuni a rana, wani lokaci ma ya koma gida ba a kai kansa ba. A cikin irin wannan cunkoso ne dillalai suka sami gindin zama, suna karɓar kuɗi fiye da kima da sunan za su gaggauta aiki. Domin a toshe wannan kafa Gwamnati ta mai da neman fasfo ta intanet. Tun daga watan Janairu na 2024 mai nema yana cika fom, ya aika da hotunan takardunsa, ya biya kuɗi, ya kuma zaɓi ranar da zai je ofis, duk daga wayarsa ko kwamfuta. Abin da ya rage masa shi ne ya bayyana a ranar da ya zaɓa domin a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa.

Abubuwan da za a tanada tun farko

Kafin mutum ya buɗe shafin hukumar, ya kamata ya haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya: lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, mai alƙaluma 11, takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, ko takardar rantsuwar shekaru, takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, hoto na kwanan nan wanda fuska ta fito sarai, lambar waya da adireshin imel waɗanda ke aiki. Mai sabunta fasfo ya ajiye tsohon kusa da shi. Yaron da bai kai shekara 18 ba sai da takardar yardar iyayensa.

Babban abin lura shi ne, sunan mutum da ranar haihuwarsa da za a buga a fasfo daga rajistar NIN ake ɗauko su. Saboda haka idan an rubuta Muhammad a takardar haihuwa amma Mohammed ke cikin rajista, ko shekarar haihuwa ta saɓa, to aikin yana iya tsayawa. Wajibi ne mutum ya fara zuwa Hukumar Ba da Shaidar Ɗan Ƙasa, watau NIMC, a gyara kuskuren kafin ya biya ko kwabo.

Matakan tsayar da rana

Na ɗaya, mai nema ya shiga shafin hukumar, passport.immigration.gov.ng, ya yi rajista da imel ɗinsa, ya zaɓi kalmar sirri wadda shi kaɗai ya sani. Shafukan Gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa. Duk shafin da ya ƙare da wani abu dabam, ko da yana ɗauke da tambarin Nijeriya, a guje shi.

Na biyu, ya nuna ko sabon fasfo yake so ko sabuntawa, ya sa lambarsa ta NIN, sa'an nan ya cika sauran fom ɗin a tsanake, ya ɗora hotunan takardunsa.

Na uku, ya zaɓi irin fasfon da ya dace da shi. Iri biyu ne: mai shafi 32 wanda ke aiki shekara 5, da mai shafi 64 wanda ke aiki shekara 10, wanda aka ƙaddamar a 2019. Daga ranar 1 ga Satumba, 2025, aka tsayar da kuɗin na farko a kan Naira 100,000, na biyu kuwa Naira 200,000 ga masu nema a cikin Nijeriya. Da yake kuɗin kan canja, abin da shafin ya nuna ranar biya shi ne abin dogara.

Na huɗu, ya zaɓi ofishin fasfon da zai je. Akwai ofis a kowace jiha da Babban Birnin Tarayya, Abuja, kuma ba dole ne mutum ya koma jiharsa ta asali ba. Bakatsinen da ke sana'a a Legas ko Fatakwal yana iya zaɓar ofishin da ke kusa da shi. Mazauna ƙasashen waje su zaɓi ofishin jakadancin Nijeriya na inda suke.

Na biyar, ya biya kuɗin ta hanyar da shafin ya nuna. Ba a miƙa kuɗin fasfo hannu da hannu ga kowa, ko da jami'i ne mai kaki.

Na shida, bayan biya, ya duba ranakun da ke akwai, ya zaɓi wadda ya tabbata zai iya zuwa. Daga nan ya buga fom ɗin da rasit da takardar ganawa a kan takarda, ya adana su.

Ranar ganawa

Ranar da aka tsayar alkawari ce tsakanin mai nema da ofis, kuma alkawari kaya ne. Kowane ofis yana da iyakar yawan mutanen da zai iya ɗauka a yini. Wanda ya kama rana ya ƙi zuwa ya hana wani gurbin, ya kuma jinkirta nasa aikin. Ya kamata mutum ya isa kafin lokaci, riƙe da takardunsa na asali da waɗanda ya buga. Ba a aika wakili, domin fuska da yatsun mai fasfo ake ɗauka; tsoho da jariri duk sai sun bayyana da kansu. Wanda wata larura ta hana shi zuwa ya tuntuɓi ofishin da ya zaɓa domin a sake masa rana.

Ba a ba da fasfo a ranar ganawa, sai an tantance bayanai an buga shi. Don haka mai niyyar tafiya kada ya jira sai jirgi ya kusa tashi. Ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, suna bukatar fasfon baƙo ya kasance da sauran wata 6 aƙalla kafin ya ƙare. Maniyyaci ko ɗalibin da ya yi sakaci da wannan yana iya rasa tafiyar da ya shekara yana tara wa kuɗi.

Ga wanda bai iya aiki da intanet ba

Ba laifi ba ne mutum ya nemi taimakon ɗansa ko wani amintacce, ko ya je shagon da ake aikin kwamfuta. Amma ya tabbata lambar wayarsa da imel ɗinsa aka sa, ba na mai shago ba, domin ta nan ne saƙon hukuma zai riske shi. Ya sa a karanta masa duk abin da aka rubuta kafin a aika, musamman suna da ranar haihuwa. Ya karɓi rasit ɗinsa ya ga adadin da ke jiki da idonsa, ya bambanta kuɗin Gwamnati da ladan mai shago. Kada ya bar wa kowa lambar sirri ta katinsa na banki.

Duk wanda ya ce zai sayar wa mutum da rana ta kusa, ko zai fitar masa da fasfo ba tare da ya je an ɗauki yatsunsa ba, a kai ƙararsa ga shugaban ofishin fasfo mafi kusa. Ana roƙon sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai, da duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, su bayyana abin da ke cikinta ga waɗanda ba su iya karatu ba.