Na'urori suna awo, amma kowace da yarenta

A birnin Yamai kaɗai akwai cibiyar Agrhymet, da ACMAD, da hukumar kogin Isa ta ABN, ga kuma ma'aikatar meteyo ta ƙasa. Dukansu da alƙaluma suke aiki: ruwan da ya sauka a Maraɗi, zafin Tawa, hawan kogi. Sai dai alƙaluman nan ba a rubuta su da tsari guda.

Hukumar yanayi ta duniya, OMM, tana aika awon tashoshi da tsarin BUFR, hasashen kwamfuta kuwa da GRIB. Masu bincike a jami'o'i sun fi son netCDF, ɗan Amurka. Ita ƙungiyar OGC ta fitar da SOS a 2007 domin na'urorin awo, ta ƙara WaterML 2.0 a 2012 domin ruwa, sannan SensorThings a 2016, wanda kusan aikin SOS ɗin yake maimaitawa.

Manyan ƙasashe suna da injiniyoyin da ke fassara wannan zuwa wancan. Ma'aikata mai ƙwararru biyu ko uku fa? A wajen fassarar ne ake rikita milimita da santimita, ko agogon GMT da na Nijar, alhali awa guda ce tsakaninsu. Lokacin ambaliya irin ta 2020 da ta 2024, wannan jinkiri ba wasa ba ne ga mazauna bakin kogi.

Tun Janairun 2025 OMM ta fara aiki da WIS 2.0, mai bin hanyoyin intanet har da wasu ƙa'idojin OGC. Amma BUFR na nan daram a cikinsa.