Ƙafar baya ko taya: ina kuɗin mai Mustang ya kamata su fara zuwa?

A filayen tseren miƙe na Amurka, inda motoci biyu ke tashi daga tsaye su ci mita 402, wato rubu'in mil, lambar da direbobi ke fara dubawa a takardar sakamako ita ce ta ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18. A wannan ɗan taƙin ake gane ko mota ta kama ƙasa ko tayoyinta sun yi ta juyawa a banza. Masu tseren suna da wani ƙiyasi da suka daɗe da shi: duk kashi ɗaya cikin goma na sakan da ka rage a nan, za ka ga ragin da ya ninka shi sau ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshen filin. Shi ya sa wanda ya sayi mota mai ƙarfi yakan fara tunanin sauya ƙafar baya, sifirin da shokazoba da bushin, tun kafin ya san abin da ke damun motar.

Mu ɗauki Ford Mustang GT ta 2015. Ita ce ta farko da kamfanin ya cire wa dukkan samfurinta sandararren aksil guda na baya, ya ba kowace taya 'yancin motsi ita kaɗai. Injinta V8 ne mai lita 5.0, ƙarfin doki 435, ƙarfin murɗawa kuma Nm 542. A giya ta ɗaya ana ninka wannan murɗawar sau 3.66, aksil ɗin baya na samfurin da aka ƙara wa kayan gudu ya sake ninka ta sau 3.73. Abin da ke isa tayoyi ya kai kusan Nm 7,400 ke nan. Daga tsakiyar taya zuwa ƙasa kimanin mita 0.35 ne, don haka turin da injin ke iya yi ya yi daidai da nauyin kilo 2,150. Ko an cire kashi 15 cikin 100 na abin da ke ɓacewa a cikin giya, kilo 1,800 da ɗoriya sun rage.

To nawa ƙasa za ta iya karɓa? Motar ta kai kusan kilo 1,700, kuma wajen kashi 46 cikin 100 ne ke kan tayoyin baya idan tana tsaye, wato kilo 780. Taya ba ta iya turin da ya wuce nauyin da ke danne ta, an ninka shi da ƙarfin kamunta. Tayar titi mai kyau a busasshiyar kwalta kamunta yana wajen 1.0. Da an taka totur, nauyi yana komawa baya ya ƙara danne tayoyin, kuma adadinsa yana da lissafi mai sauƙi: nauyin mota, a ninka da saurin tashi, a ninka da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, a raba da tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Tazarar a Mustang mita 2.72 ce. Cibiyar nauyi mu ƙaddara mita 0.53, abin da ya dace da mota irinta. Idan aka haɗa, tayoyin baya suna ɗaukar kusan kilo 970 a lokacin tashi, motar kuma tana tashi da 0.57 g, wato gudunta na ƙaruwa da kimanin kilomita 20 a awa cikin kowane sakan.

Inji yana ba da 1,800, ƙasa tana karɓar 970. Kusan rabin ƙarfin da mai motar ya biya kuɗinsa ba shi da wurin zuwa a giya ta ɗaya, sai dai ya zama hayaƙi.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi a lissafin nan shi ne, babu taurin sifirin a cikinsa, babu shokazoba. Su ba sa ƙara jimillar nauyin da ke komawa baya. Aikinsu shi ne tsara yadda nauyin zai isa, da sauri ko a hankali, a natse ko da girgiza. Mutane da yawa suna ganin bayan mota ya durƙusa su ce ga nauyi nan ya sauka, alhali durƙuson alama ce kawai ta laushin sifirin. Wanda kuma ya sauke motarsa ƙasa da santimita 3 don ta yi kyau a ido, lissafin ya nuna tashinsa ya ragu daga 0.57 zuwa 0.56. Ragin ba shi da yawa, amma baya ya ci, kuma ya kashe kuɗi.

Yanzu a bar komai yadda yake, a sauya taya kaɗai. A sa mai laushin roba irin ta tsere, mu ce kamunta 1.3 ne a filin da aka share aka fesa wa maganin danƙo. Tashin ya zama 0.80 g, kilomita 28 a awa kowane sakan, ƙarin kashi 40 cikin 100. A takarda, mita 18 ɗin farko sun sauko daga sakan 2.56 zuwa 2.16. Idan kuwa kwaltar ta jiƙe ko ƙura ta rufe ta har kamu ya koma 0.7, tashin ba ya wuce 0.37 g, kuma babu wani ƙarfe da za a ɗaura a ƙarƙashin mota ya gyara wannan.

Inda ƙafar baya ke da magana shi ne tsallen taya. Duk wanda ya taɓa jin sa ya san shi: ka saki kuloci, bayan motar ya fara dukan ƙasa kamar ana sussukar gero, madubi na rawa, kujera na bugun bayanka. Abin da ke faruwa shi ne robar bushin da ke riƙe da firam ɗin baya da akwatin aksil tana lanƙwashewa idan taya ta kama, ta tara ƙarfi, tayar ta kufce, robar ta dawo, tayar ta sake kamawa, sau da yawa cikin sakan guda. Kowane kamu duka ne a kan shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga taya, kuma a haka suke karyewa. Mustang SVT Cobra ta 2003 da 2004, wadda ita ma kowace tayarta ta baya ke motsi ita kaɗai, ta yi ƙaurin suna da wannan ciwo. Ford da kansa, da ya tashi ƙera Cobra Jet ta 2016 don tseren miƙe zalla, sandararren aksil ya mayar mata, domin shi ana iya saita sandunansa su riƙa cusa taya cikin ƙasa da an ba da wuta.

Kuma tayar tsere tana iya tono wannan matsala a motar da ba ta da ita da can. A 0.57 g turin da ke bi ta bushin kilo 970 ne. A 0.80 g ya koma kilo 1,360. Robar da aka zaɓa don jin daɗin tafiya ba don wannan aka yi ta ba.

Ga wanda ke ganin tauri shi ne gudu, Dodge Challenger SRT Demon ta 2018 ta ishe shi darasi. Ƙarfin dokinta 840 ne da man tsere, ta ci rubu'in mil a sakan 9.65 tana gudun kilomita 225 a awa, kuma kamfanin ya ce tana tashi da 1.8 g. Idan aka kwatanta ta da 'yar'uwarta Hellcat, injiniyoyin sun sassauta sifirin gaba da kashi 35 cikin 100, na baya da kashi 28. Sun saita shokazoba yadda gaba zai ɗaga da sauri, baya kuma ya riƙe, sannan suka ɗaura mata tayoyin Nitto masu faɗin milimita 315. Sun yarda su rasa wani abu a kwana domin su samu a miƙe.

Ra'ayina dai, mai Mustang ko makamanciyarta da ke kan tayar titi kuma bai taɓa jin tsalle ba, ya bar ƙafar baya yadda kamfani ya yi ta, ya sa kuɗinsa a taya da koyon sakin kuloci a fili. Wanda ke jin tsalle, ko ya koma tayar tsere, ko ya ƙara wa inji ƙarfi, gyaran ya zama masa dole, kuma daga bushin na firam da na aksil zai fara, sai shokazoba mai saiti, sifirin a ƙarshe. Ya kuma sani cewa bushin mai tauri yana shigo da kukan aksil da girgizar hanya cikin mota kullum, har a ranakun da ba tsere ya fita ba.