Gajeriyar Bindiga Mai Cin Harsashin Doguwa

A ƙasar Amurka akwai filaye da zauruka waɗanda aka keɓe domin gwada harbi, inda mutum ya kan biya kuɗi, ya tsaya a layinsa, ya auna takarda ko faifan ƙarfe. A cikin bindigogin da a ke kaiwa waɗannan wurare akwai wani iri wanda doka ta ke kira fistol, alhali kuwa harsashin da ya ke ci na doguwar bindigar soja ne. Bindiga ce marar gindin da a ke tokarawa a kafaɗa, bututunta kuwa gajere, galibi daga inci 6 zuwa inci 12. Mai ɗura kanta ce, watau duk jan kunama harsashi guda ke fita, sa'an nan ta tofar da kwanso ta ɗauko wani. Mai saye ya kan zaci ya sami ƙarfin doguwa a cikin jikin gajeriya. Wannan zato shi ke jawo nadama bayan ciniki, saboda haka ya kamata a bi al'amarin mas'ala mas'ala.

Mas'ala ta farko ita ce dalilin samuwar wannan iri. A shekarar 1934 majalisar Amurka ta kafa doka a kan wasu makamai, aka gyara ta a 1960, ta zama duk doguwar bindigar da bututunta ya gaza inci 16 sai an yi mata rajista wurin gwamnatin tarayya, an kuma biya harajin dala 200. To, fistol ba ta shiga wannan hukunci ba, gama ba ta da gindin kafaɗa. Da maƙera suka lura da haka, sai suka ɗauki ƙirar AR-15, wadda Eugene Stoner da abokan aikinsa suka zana a shekarun 1950, da ƙirar Kalashnikov ta 1947, suka datse bututu, suka bar gindi, suka sayar da sunan fistol. Ashe ke nan doka ce ta haifi wannan siffa, ba bukatar harbi ba.

Mas'ala ta biyu ita ce albarushi, kuma ita ce uwar sauran. Harsashi ba ya samun gudu sai muddin yana cikin bututu, hayaƙin albarushi na ingiza shi daga baya. Da zarar ya fita baki, ingizawa ta ƙare. Harsashin 5.56, wanda sojojin NATO ke amfani da shi, an auna albarushinsa ne domin bututu mai inci 20, inda ya kan fita da gudun fiye da ƙafa 3,000 a sakan guda. In aka rage bututu zuwa inci 10, gudun ya kan sauko wajen ƙafa 2,700. In aka kai shi inci 7, ya kan faɗi ƙasa da 2,500. Mai karatu ya lura da lissafin nan: ƙarfin bugun harsashi yana bin gudu ne ninki a kan ninki, har in rubu'in gudu ya tafi, kusan rabin ƙarfi ya tafi tare da shi. Abin da ya ɓace kuwa bai ɓace shiru ba. Hayaƙin da bai gama aikinsa ba shi ke fashewa a bakin bindiga, ya zama harshen wuta da ƙara mai girgiza ƙirji. Mutum ya biya kuɗin cikakken harsashi, ya ƙone wani kaso nasa a iska.

Mas'ala ta uku, zaɓen harsashi. Iri uku suka fi yawa a wannan kasuwa. Na farko shi ne 5.56 ɗin da aka ambata. Fa'idarsa yawa da sauƙin kuɗi, shurinsa kuma kaɗan ne. Illarsa shi ya fi cutuwa da gajartar bututu. Sojan ruwan Amurka da kansu, da suka nemi gajeriyar bindiga mai wannan harsashi, wadda su ke kira Mk 18, a inci 10.3 suka tsaya, maharba da yawa kuwa sun ɗauki wannan awo ya zama iyakarsu ta ƙasa. In an gaza haka, hayaƙin da ke motsa cikin bindiga ya kan zo da zafi da ƙarfi, kayan ciki su riƙa cinyewa da wuri.

Na biyu shi ne 7.62x39, harsashin Rasha na 1943, wanda Kalashnikov ke ci. Ya fi nauyi, gudunsa tun asali matsakaici ne, saboda haka gajeren bututu ba ya rage masa kamar na farko. Shahararriyar fistol mai cinsa ita ce Draco, wadda a ke ƙerawa a garin Cugir na ƙasar Romaniya. Babbarta tana da bututu inci 12.25, ta tsakiya 7.75, ƙaramar kuwa 6.25. Dā arahar harsashi ita ce babbar hujjar masu zaɓensa, amma a 2021 gwamnatin Amurka ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashi daga Rasha, arahar nan ta ragu.

Na uku shi ne .300 Blackout, wanda aka tabbatar da awonsa a 2011. Shi kaɗai ne a cikin ukun aka ƙera tun farko domin gajeren bututu, gama albarushinsa mai saurin ci ne, a bututu mai inci 9 ya kan yi mafi yawan aikinsa. Illarsa biyu. Ɗaya tsada. Ta biyu ta fi muni: gidan harsashinsa ɗaya ne da na 5.56, har yana iya shiga bindigar 5.56 ya zauna, in aka ja kunama kuwa kansa ya fi ramin bututun kauri, sai bindiga ta tarwatse a hannun mai ita. Wanda ya mallaki iri biyun lalle ne ya yi wa gidajen harsashinsa alama, kada ya haɗa su a jaka ɗaya.

Mas'ala ta huɗu, kunne da hannu. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa awon ƙara 140, a ma'aunin da a ke kira desibel, ya zama haddin da bai kamata ƙarar farat ɗaya ta wuce ba. Doguwar bindiga ma ta kan haura 150, balle gajeriya wadda bakinta ke kusa da fuska. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya komowa. Domin haka maharba su kan toshe kunne da toshiya, sa'an nan su ɗora marufi a kai, su sa tabarau mai kāre ido. Game da hannu kuma, fistol ta 'yan sanda ba ta kai laba 2 ba in babu harsashi, amma yawancin waɗannan su kan kai laba 5 ko 6, nauyin kuma a gaba ya ke. Riƙe ta a miƙe ba tare da matokari ba yana gajiyar da damtse, saiti ya ɓaci. Bututu gajere yana kuma kawo hannun riƙo kusa da baki, sai an yi hattara.

Mas'ala ta biyar, wurin harbi. Zauruka da yawa bangonsu na tare harsashin fistol ne kawai, ba su yarda a shiga da irin wannan ba. Wasu su kan kara maganaɗisu a kan harsashi, in ya kama su hana, domin ƙarfen da ke jikinsa yana ɓata matari, yana kuma tā da tartsatsi. Harsashin 7.62x39 mai araha ya kan faɗi a wannan gwaji. Mai hankali ya kan tambayi ƙa'idar wurin da zai riƙa zuwa kafin ya je kanti.

Mas'ala ta shida, doka, wadda kuskure a cikinta ya fi kowane tsada. Wanda ya ɗaura gindin kafaɗa a kan wannan fistol ba tare da rajista ba ya mai da ita gajeriyar bindigar da dokar 1934 ta ambata, hukuncinsa yana iya kai ɗaurin shekara 10. A 2012 aka ƙirƙiro wani maɗauri da a ke ɗaura bindiga da shi a damtse, domin taimakon tsofaffin sojoji naƙasassu, ya kuwa bazu ƙwarai. A 2023 hukumar ATF mai lura da makamai ta fitar da ƙa'ida ta mai da yawancin masu maɗaurin nan cikin hukuncin rajista. A 2024 wata kotun tarayya a jihar Texas ta soke ƙa'idar. A 2025 majalisa ta soke harajin dala 200 a kan gajerun bindigogi daga farkon 2026, amma ba ta ɗage rajista ba. Har wa yau dillali mai lasisi ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba fistol, jihohi kamar Kalifoniya da New York kuma suna da nasu tsanani dabam. Wannan duka labarin Amurka ne. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa.

Jerin da ya fito daga waɗannan mas'aloli shi ne: a fara da dokar jiha da ƙa'idar wurin harbi, sa'an nan a zaɓi harsashi, sa'an nan tsawon bututun da ya dace da shi, sunan maƙeri ya zo daga ƙarshe. Mai son 5.56 kada ya gaza inci 10. Mai son mafi gajarta ya koma .300 Blackout, ya ɗauki tsadarsa. Wanda kuwa muradinsa harsashi ya faɗa tsakiyar takarda daga yadi 100, doguwar bindiga mai inci 16 da gindin kafaɗa ta fi masa, ga sauƙin saiti, ga ƙarancin ƙara. Wanda ya san wannan duka ya kuma zaɓi gajeriya domin sha'awa, ya yi ciniki da idonsa buɗe, gama kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tamat.