Mutum da raƙumi cikin zoben rana: wace magana ce gaskiya?

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a WhatsApp: mutum riƙe da akalar raƙumi a kan tudun rairayi, rana ta zama zoben wuta ta kewaye su. Duk lokacin da ya sake ɓullowa sai gardama ta kaure. Wasu su rantse aikin kwamfuta ne, wasu kuma su ce ai ko da waya ma za a iya ɗaukar irinsa. Duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya.

Hoton na gaske ne. Wani mai hoto ɗan Amurka, Joshua Cripps, shi ya ɗauke shi a hamadar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da safiyar 26 ga Disamba, 2019, lokacin kusufin zobe. Irin wannan kusufi yana faruwa ne idan wata ya gifta gaban rana alhali yana can nesa da duniya. Nisansa ba ɗaya ba ne kullum, yana kaiwa da komowa tsakanin kimanin kilomita 363,000 da 405,000. In ya yi nisa sai ya ƙanƙance a ido, ya kasa rufe rana duka, gefenta ya rage yana ci.

To, yaya aka yi rana ta yi wannan girma har ta haɗiye mutum? Faɗin rana a sama kimanin rabin digiri ne kawai, farcen ɗan yatsa ma yana rufe ta in ka miƙa hannu. Ko ka matsa gaba ko ka ja baya, girmanta ba ya sauyawa, amma mutum yana ƙanƙancewa gwargwadon nisansa da kai. Mai tsawon mita 1.7 sai ya yi nisan kusan mita 200 kafin tsayinsa ya zo daidai da faɗin rana. Daga nan mai hoto zai jawo su tare da dogon gilashin kyamara. Dole kuma rana ta kasance ƙasa-ƙasa, da hantsi bai ɗaga ba ko dab da faɗuwa, mutumin kuma yana kan tudu. Aiki ne na lissafi da haƙuri, domin zoben mintoci kaɗan yake yi, rana kuma ba ta tsayawa jiran kowa. Waya ba ta da wannan gilashi. In ka ɗauka da ita haka kawai, farin ɗigo mai kashe ido za ka samu.

Masu zargin haɗi suna da inda suka yi gaskiya. In ka ga hoton da rana ke tsakiyar sama, zobenta ƙato kamar faifai, fuskokin mutane kuma tar kamar a ɗakin mai hoto, to hotuna biyu aka haɗa. Matacin hasken da ake sa wa kyamara yana rage hasken rana kusan sau 100,000. Ta cikinsa komai baƙi ƙirin ne in ban da ranar kanta, shi ya sa mutum ke fitowa a matsayin inuwa. Haɗa hoto ba laifi ba ne a wurina, muddin mai shi ya faɗa.

Jita-jitar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wai da zarar zobe ya cika, ana iya cire tabarau a kalla. Na san inda ta samo asali. Waɗanda suka ga kusufin 29 ga Maris, 2006 a Gusau da Katsina suna tuna yadda gari ya yi duhu kamar magariba. Wancan cikakken kusufi ne, wata ya rufe rana ruf, kuma a ɗan wannan taƙi ido na iya kallo. Kusufin zobe ba shi da irin wannan taƙi ko na daƙiƙa ɗaya. Siririn gefen da ya rage ya isa ya ƙona tantanin gani da ke can bayan ido, tantanin kuwa ba ya jin zafi. Mutum zai kalla ya koma gida lafiya lau, sai bayan sa'o'i ya fara ganin tabo a tsakiyar duk abin da ya duba. Wani ya warke a hankali, wani ya zauna da shi har abada.

Nan ne haƙƙi ya hau kan mai hoto. Kai ne kake ce wa yaro ko amarya su ɗaga kai su dubi sama don hoto ya yi kyau. Kada ka yi haka sai suna sanye da tabaran kusufi na ainihi, mai lambar ISO 12312-2. Baƙin tabaran kwalliya ba ya kariya ko an jera goma, haka fim ɗin hoton asibiti, da gilashin da aka shafa wa hayaƙi, da kallon rana a kwanon ruwa. Kai ma kada ka sa tabaran kusufi ka leƙa ta cikin kyamara marar mataci: gilashinta yana tattara haske wuri ɗaya, ya huda tabaran nan take. A gaban gilashi ake ɗaura matacin.

Maganar cewa kusufi na fitar da wata guba da ke cutar da mai juna biyu ko wanda aka ɗauka hoto a waje kuwa ba ta da tushe. Hasken ranar kullum ne, ragi ma aka yi masa. Wanda ya ba rana baya babu abin da zai same shi, kuma a nan ne mai waya zai yi nasa kamun: ƙarƙashin dalbejiya, hasken da ke ratsa ganye yana zuba ƙananan zobba a ƙasa da jikin riguna. Matsamin taliya mai huji-huji ma yana yin haka.

Ranar 6 ga Fabrairu, 2027, zoben zai bi ta gaɓar tekun Kwaddibuwa, Gana, Togo, Benin da Najeriya dab da faɗuwar rana, daidai yanayin da hoto irin na mai raƙumi ke bukata. Mu na Arewa wani ɓangare na rana za mu ga ya gutsure, kuma shi ma sai da tabaran.