Allurar Kuɗi Da Allurar Kyauta: Wacce Ce Ke Tsare Ran Yaro?

A watan jiya ƙanwata ta zo gidana goye da 'yarta 'yar wata huɗu, riƙe da wata takarda a naɗe. Bayan mun gaisa ta miƙo mini, ta ce, "Yaya, duba mini wannan, kaina ya ɗaure." Jerin alluran rigakafi ne da aka ba ta a asibitin kuɗin da ta haihu, kowace allura da farashinta a gefe. Da na haɗa lissafin wata shida na farko, sai na ga ya haura albashin mijinta na wata guda. Na ce ta ba ni katin yarinyar. In ban da allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna da aka yi mata ranar haihuwa, katin fari fat yake. Na tambayi dalili, ta ce kuɗi suke tarawa, domin maigidan ya ce ba za a yi wa 'yarsa "ta gwamnati" ba, ai araha ba ta ado.

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mun saba kokawa da iyayen da ke ƙin rigakafi saboda tsoro ko jita-jita. Amma ga wani rukuni ya ɓullo a biranenmu, 'yan boko masu ƙaunar 'ya'yansu, waɗanda ba su ƙi allura ba, sai dai sun ɗauka ingancinta yana cikin tsadarta. Su da na farko hanyarsu daban, amma masauƙinsu ɗaya: yaro ya wuce lokacin allurarsa babu kariya.

Abin da ake bayarwa kyauta

Ya kamata mu fara da sanin abin da ke cikin jadawalin ƙasa, wanda Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ke gudanarwa ba tare da karɓar kwabo ba. Ranar haihuwa akwai ukun nan da na ambata. A mako 6 da mako 10 da mako 14 ana yin allurar nan mai suna Penta, wadda ta haɗa kariya daga cututtuka biyar: mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora, da ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwayar cuta mai haddasa ciwon huhu da sanƙarau ga jarirai. Tare da ita ake ba da rigakafin shan inna, da na namoniya, da ɗigon Rota mai kare yaro daga gudawar nan da ke tsotse ruwan jiki cikin kwana ɗaya ko biyu. A wata 9 sai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a wata 15 kuma a maimaita ta ƙyanda. 'Yan mata kuma akwai tasu ta kariya daga sankarar bakin mahaifa.

Mai karatu ya sake duba sunayen nan. Su ne cututtukan da suka cika maƙabartunmu da ƙananan kaburbura. Ba a zaɓe su don araharsu ba, an zaɓe su ne don su suka fi kisa da naƙasawa. Barkewar mashaƙo da ta faro a ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Jihar Kano, shaida ce da ba mu manta ba. Cuta ce da ke shimfiɗa wata fata a maƙogwaro har numfashi ya gagara, dafinta kuma ya taɓa zuciya. Mafi yawan yaran da ta kama ba su kammala allurarsu ba, alhali kariyar tana nan cikin Penta, kyauta.

Su kuma waɗannan allurai ba ragowar kasuwa ba ne. Hukumar UNICEF ce ke sayo akasarinsu da tallafin ƙungiyar Gavi, daga masana'antun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance, sannan NAFDAC ta duba su. Kyauta ce a hannun uwa, amma an biya kuɗinta a wani wuri. Hasali ma wasu asibitocin kuɗi daga ma'ajiyar sanyi ta ƙaramar hukuma suke karɓo irin waɗannan allurai, abin da kake biya ladan aiki ne da kujera mai laushi.

To, me kuɗi ke saya?

Ba ina cewa allurar kuɗi yaudara ba ce. Akwai cututtukan da jadawalin ƙasa bai kai gare su ba, kuma duk wanda ke da hali ya kyautu ya san su.

Na farko ƙarambau. Mun ɗauke shi tamkar harajin ƙuruciya, kowa sai ya biya. Gaskiya ne yawanci yakan wuce da ƙaiƙayi da 'yan tabo, amma ƙurajen kan iya ɗaukar wata cutar su rikiɗe, kuma yana tsananta ga manya da masu juna biyu da masu raunin garkuwar jiki. Ƙwayarsa ba ta barin jiki, takan kwanta cikin jijiyoyi, bayan shekaru ta farka da ƙuraje masu raɗaɗi a ɓangare ɗaya na jiki. Allurarsa daga shekara ɗaya ake fara ta, sau biyu.

Na biyu hangum, mai kumbura gefen kumatu. Yara kan yi wa mai shi dariya, amma yana iya kurmantar da kunne, kuma idan ya kama namiji bayan balaga yakan kumbura maraina. Kariyarsa tana cikin allurar MMR, wadda ta haɗa shi da ƙyanda da rubella. Ita rubella sauƙi gare ta ga yaro, haɗarinta yana kan mai sabon ciki, domin tana iya sa a haifi jariri da ciwon zuciya ko kurumta ko yanar ido.

Na uku taifot da ciwon hanta nau'in A, waɗanda dukkansu ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga. Duk wanda ya san yadda rijiya ke maƙwabtaka da masai a unguwanninmu ya san ba baƙi ba ne. Taifot idan ya yi nisa yana huda hanji, sai an kai ga tiyata. Sabuwar allurarsa ana iya yin ta tun daga wata 6.

Sai allurar mura mai tsanani da ake sabuntawa duk shekara, da ƙarin kariya daga namoniya da wasu nau'o'in sanƙarau. Waɗannan sun fi muhimmanci ga yara masu sikila ko asma ko ciwon zuciya. Iyayen mai sikila musamman su zauna da likita a kan wannan, domin saifar irin waɗannan yara kan raunana tun suna ƙanana, ƙwayar cutar da wani yaro zai kakkaɓe ita ce za ta kwantar da su.

Akwai kuma allurar da ke haɗa cututtuka shida a tsira ɗaya, wadda galibi ba ta cika sa zazzaɓi kamar Penta ba. Sauƙi ne ga yaro da uwa, amma cututtukan da take karewa su ne dai waɗanda na kyauta ke karewa.

Abin lura shi ne, iyakar da ke tsakanin "ta kuɗi" da "ta kyauta" ba a kafe take ba. Ɗigon Rota sai mai hali ne ke samunsa kafin gwamnati ta shigar da shi jadawali a 2022. Haka allurar sankarar bakin mahaifa kafin Oktoban 2023. Allurar zazzaɓin cizon sauro an fara ta a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Abin da ake saya jiya ya zama na kowa yau. Saboda haka kafin ka zura hannu a aljihu, tambayi ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ko abin yana cikin na kyauta.

Sanyi ya fi farashi

Idan za ka biya, to ka san abin da ke kashe allura ba arha ba ne, zafi ne. Yawancinsu sai an adana su tsakanin maki 2 zuwa 8 na ma'aunin Salshiyos, wasu kuma daskarewa ke lalata su. A ƙasar da wutar lantarki ke zuwa ziyara, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Allurar da ta kwana a firjin da ya mutu tana iya lalacewa, ko nawa aka saye ta. Ka tambayi yadda suke riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Ka nemi ganin kwalbar da ranar ƙarewar wa'adinta. A jikin kwalaben gwamnati akwai wata 'yar alama, murabba'i a cikin da'ira: idan murabba'in ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, zafi ya gama da allurar. Ka tabbata an rubuta suna da kwanan wata a katin yaro. Kuma kada ka yarda a yi wa ɗanka rigakafi a kemis ko a hannun mai yawo da jaka.

Katangar da muka haɗa

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saya. Mai ƙyanda ɗaya na iya harbin mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba ta da kariya, shi ya sa sai kusan kashi 95 cikin 100 sun yi allura kafin a tare ta. Jaririnka ɗan wata biyar bai isa allurar ƙyanda ba, abin da ke tsare shi shi ne allurar 'ya'yan maƙwabta da na mai aikin gidanka. Najeriya na da yara sama da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu Penta ko sau ɗaya ba, kuma kaso mai yawa a Arewa suke. Mun ga abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, yadda cutar ta tsallaka ƙasashe. Mun kuma ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Wannan nasara ba a asibitin kuɗi aka same ta ba, matan da ke bin gida-gida da akwatin sanyi ne suka kawo ta. Idan mu masu ilimi muka riƙa raina allurar gwamnati a gaban jama'a, me muke so wanda bai je makaranta ba ya ɗauka?

Ranar da ake allura a asibitin unguwarsu na raka ƙanwata. Mun yi layin kusan awa biyu a kan benci. Nas ɗin ta duba katin, ta girgiza kai, ta ce, "Maman Baby, kin makara, amma ba a koma farko ba, daga nan za mu ɗora." Aka yi wa yarinya allurarta, ta yi kuka, ta kwana da ɗan zazzaɓi, gari ya waye ta warware. Kuɗin da suka tara kuwa na ce wa maigidan ya ajiye, idan ta cika shekara ya biya mata ta ƙarambau da ta hangum. Mai hali ya ƙara, babu laifi. Amma kada jiran ƙari ya hana yaro samun tushe, domin mashaƙo da ƙyanda ba sa jiran ƙarshen wata.