Mai Gida da Baƙo a Kurmin Kayapo

Hoton tauraron ɗan Adam na kudu maso gabashin Amazon, a Barazil, yana nuna iyaka ƙarara: gefe guda filayen kiwon shanu da gonakin waken suya, ɗaya gefen kurmi kore shar. Wannan kurmi ƙasar ƙabilar Kayapo ce, kimanin hekta miliyan 10 a jihohin Para da Mato Grosso, yankin kogin Shingu. Akan yaba wa ƙungiyoyin kare muhalli bisa tsirarsa, amma tun kafin zuwansu an aza harsashin. Tsarin mulkin 1988 ya tabbatar wa 'yan asalin ƙasa haƙƙin zama a ƙasar kakanninsu da cin moriyarta. A 1989 Kayapo suka yi gangami a Altamira don ƙin madatsar ruwa, shugabansu Raoni kuma ya zaga duniya tare da mawaƙi Sting. Da ƙungiyar Conservation International ta isa ƙauyen A'Ukre a 1992, baƙuwa ce ta tarar da masu gida. A Yuganda kuwa, da aka mayar da kurmin Bwindi gandun gwamnati a 1991, korar 'yan ƙabilar Batwa mazauna kurmin aka yi. Su da ba su da doka a bayansu, ba wanda ya nemi shawararsu.

Mai suka zai ce ai wasu shugabannin Kayapo sun taɓa karɓar kuɗin masu yankan katako da mahaƙa zinariya. Gaskiya ne, kuma har yau zaibar mahaƙa tana gurɓata wasu kogunansu. Sai dai wannan hujja ce ta ƙawancen Kayapo da ƙungiyoyin kare muhalli. Mutumin da ke neman magani da man jirgin ruwa zai sayar da abin da yake da shi. Giɓin nan ƙungiyoyin suka cike: jiragen ruwa masu inji, sansanonin tsaro a bakin iyaka, da kasuwar ƙwayar itacen da ake kira gyaɗar Barazil, wadda ake tsinta ba a sare bishiya ba. Yanzu ƙungiyoyin Kayapo, irin su Instituto Kabu, ke tafiyar da aikin.

Sukar da ta fi nauyi ita ce dogaro da tallafi. Zinariya tana biya yau, mai ba da tallafi kuwa sai ya ga dama. Kuma ƙawancen yana iya korar ɓarawon katako, amma bai iya tare gwamnati: madatsar da aka dakatar bayan gangamin Altamira ta dawo da sunan Belo Monte, ta fara ba da wuta a 2016.